Jinyar Dutse a Birnin Jidda

  A wannan fitowar zan ɗauke ki mu tsallaka zuwa birnin Jidda na ƙasar Saudiyya, garin da yawancinmu muka sani da filin jirgi da kasuwar tsaraba kawai. Amma tun kafin mu tashi ina ba ki haƙuri, domin inda za mu fara sauka wuri ne mai wari, kuma warin nan shi ne mafarin duk labarin da zan ba ki.

A watan Rajab na 1445, wato Janairun 2024, Allah Ya nufe ni da yin Umara. Da na kammala sai na ware kwana tara domin ziyarar gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta fi shekara arba'in a Jidda. Na hau jirgin ƙasan nan na Haramain da aka buɗe a 2018, cikin kimanin rabin awa sai ga mu a Jidda. Gwaggo tana zaune ne a wani bene, hawa na uku, tare da autarta da mijin autar, tun bayan rushe-rushen tsofaffin unguwannin Jidda da aka yi a 2021 da 2022, wanda ya haɗa da unguwar da ta yi rabin rayuwarta a ciki. Ita Auta a can aka haife ta, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, Hausarta kuwa tana nan daram, sai ɗan gaurayen Larabci.

Ina shiga falo turaren wuta ya tare ni, irin mai tsadar nan. Amma ke ma kin sani, idan an yi turare don a ɓoye wani abu, hanci ba ya ruɗuwa. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da ƙarnin kifi. Na yi shiru irin na baƙo. Tun kafin in kurɓi shayi Gwaggo ta fito da maganar.

"Ɗiyata, kin ji ko? To ba daga kicin ɗina ba ne, kada ki tafi da ni a baki. Ƙanwarki ce ta sayo duwatsu da kuɗinta, ta zuba a baho wai tana jinyarsu. Ke malama ce, ki yi mata magana. Tun da nake ban taɓa jin inda aka yi jinyar dutse ba."

Auta ta yi dariya, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, zo ki ga marasa lafiyar da idonki."

A jikin bangon falon akwai wani babban akwatin gilashi mai cin lita 200, fanko, an goge shi tas. A baranda kuma ga wani baƙin bahon roba mai murfi, wayoyin lantarki sun shiga cikinsa, yana ɗan gurnani. Da ta ɗaga murfin sai da na ja da baya na toshe hanci da mayafi. Ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa, yana juyawa. A ciki akwai duwatsu wajen kilo 20, masu huji ko'ina kamar ɓallin suri. Ta sa safar hannu ta ɗago ɗaya ta miƙo mini, na ji bai kai nauyin da na zata ba. Jikinsa dabbare-dabbare ne da ruwan hoda da shuni, wani wajen kuma da wani farin yauƙi mai tayar da zuciya.

Yaya dutse zai yi rai?

Ita ce tambayar farko da na yi, na san kuma ita ce taki. Amsar tana farawa ne daga abin da muka sani tun muna yara, wato murjani, jan dutsen adon nan da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda aka ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Da yawanmu mun ɗauka haƙo shi ake yi daga ƙasa kamar sauran duwatsu. Alhali murjani aikin wata 'yar mitsitsiyar dabbar teku ce, mai kama da ƙaramin fure. Tana zuƙar sinadarin alli daga ruwan gishiri, ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri ta zauna a ciki. Dubbai suna zama wuri ɗaya, na baya su yi gini a kan gidajen na gaba, har abin ya zama tudu, tudu ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ya fi zuwa. Na Bahar Maliya, tekun da Jidda ke bakinsa, dangi ne gare shi, amma shi magini ne na tuddai, kuma idan ya mutu fari yake komawa. Irin masu dunƙulewar nan ba sa ƙara fiye da kimanin santimita 1 a shekara. Ki dubi faɗin farcenki, ƙarin shekara guda ke nan.

Idan wani ɓangare na tudun ya mutu ya ɓalle, ba ya zama kango. Nan da nan wasu halittu ke tarewa a ciki: soson teku, 'yan tsutsotsi, ƙananan ƙaguwa, jatan lande, da wata gansakuka mai tauri da ke shafe shi da ruwan hoda da shuni. Sai kuma waɗanda ido ba ya gani, wato bakteriya, da ke cika kowane huji. Wannan shi masu kiwon kifin teku ke kira dutse mai rai. Shi kansa dutsen tsohon gida ne, masu ran su ne 'yan hayar da ke ciki.

Auta ta ce mini duk mai son kiwon kifin teku a falo, dutsen nan ne matatarsa. Kifi yana fitar da wani guba da ake kira amoniya ta numfashinsa da kashinsa, irin zafin nan da ke dukan hanci a banɗakin da ba a wanke ba. A cikin teku ruwa ya yi yawan da abin ba ya taruwa, amma a akwatin gilashi ba inda zai je. Idan ya taru sai ya ƙona kafofin da kifin ke numfashi da su. To a cikin hujojin dutsen akwai bakteriyar da abincinta ke nan: tana mayar da amoniya zuwa wani sinadari mai suna naitirait, wata kuma ta karɓa ta mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana rage shi da canjin ruwa. Can ƙuryar dutsen ma, inda iska ba ta isa sosai, akwai masu mayar da wani kaso na naitiret ɗin iska ya fice abinsa.

Na ce, "To in dai dutsen ne mai tsabtace ruwa, me ya sa shi ne ke ɗoyi?"

Ta ce, "Saboda tafiya, Yaya. Waɗannan daga Indunusiya aka kawo su ta jirgin sama, a cikin kwali, an naɗe su da jiƙaƙƙiyar jarida. Soson teku in ya sha iska mutuwa yake yi. Kafin su iso shago, wasu 'yan hayar sun mutu a cikin ramukansu, suna ruɓewa. Gawarsu kike ji. In na sa dutsen haka a gilashi na zuba kifi, kamar na sa jariri a ɗakin da aka rufe da gawayi yana ci ne."

Yadda ake jinyar

Kwana biyar da fara jinyar na iso, don haka na tarar da ita a mafi muninta, kuma na sa hannu a aikin. Bari in faɗa miki yadda na ga ana yi.

Da farko ruwan ba na famfo ba ne kai tsaye, domin kilorin da ke cikinsa yana kashe bakteriyar da ake lallaɓawa. Tataccen ruwa ake samu, a dama masa gishirin teku na musamman da ake sayarwa a buhu, ba gishirin miya ba. Ma'aunin shi ne kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, daidai da yawancin tekunan duniya, kuma akwai ɗan ma'aunin da ake ɗiga ruwan a kai a duba. Ana sa hita ta riƙe ɗumin ruwan a digiri 25 zuwa 26, a sa ɗan inji mai juya ruwa dare da rana don iska ta shiga, a ƙara da wata na'ura mai tattara datti a cikin kumfa ta tura shi wani kofi. Kofin nan, uwargida, kada Allah Ya haɗa ki da wanke shi. Sannan ana rufe bahon, domin haske yana sa koriyar gansakuka ta mamaye komai tun da ruwan cike yake da abincinta.

Duk bayan kwana biyu ko uku sai mu fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, mu sa su a bokitin ruwan gishiri, mu goge duk inda ya yi farin yauƙi ko baƙi da sabon buroshin haƙori, mu tsame mataccen soso da ɗan hantsaki. Ba a barin dutsen ya bushe a hannu, ba a kusantar da sabulu, ba a kuma bari wani abu na jan ƙarfe ya taɓa ruwan, domin jan ƙarfe guba ne ga ƙananan halittun teku, kuma dutsen yana shanye shi. Daga nan a kwashe wajen rabin ruwan a zubar, a zuba sabo mai gishiri da ɗumi iri ɗaya. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, idan ruwan ya ragu don kansa saboda ƙafewa, da ruwa marar gishiri ake cikawa. Ta ce ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan, kamar miyar da ta daɗe a wuta.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji, kuma nan ne aikin asibitinta ya yi rana. Kullum da safe sai ta ɗebi ruwan a 'yan kwalabe biyu, ta ɗiga magani, ta jira minti biyar, ta kara da wata takarda mai launuka. A irin kayan gwajin da take amfani da su, kwalbar amoniya rawaya take zama in ruwan ya tsarkaka, in da guba kuma ta koma kore. Ta naitirait shuɗiya ce in babu, in akwai ta koma shuni. Ranar da na iso kwalbar farko kore ce shar. Ta rubuta a wani littafi, ta ce sai ranar da duka biyun suka nuna sifiri, suka kuma tsaya a haka kwanaki a jere, sannan jinya ta ƙare. Yakan ɗauki mako uku zuwa shida, gwargwadon yawan abin da ya mutu a hanya.

Na tuna da masu yin daddawa a garinmu. Kowa ya san akwai kwanakin da ba a son wucewa ta ƙofar ɗakin, kuma kowa ya san wadda ta buɗe da wuri ta yi asarar kalwarta.

Rigimar cikin gida

Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne baƙi. Gwaggo ta gayyaci tsofaffin maƙwabtanta, waɗanda rushe-rushen nan ya warwatsa, su zo su gaishe ni ranar Asabar. Rabon da su haɗu gaba ɗaya an fi shekara. A ganinta abin kunya ne su zo su tarar da gilashi fanko a falo da ɗoyi a baranda. Ta ba da zaɓi biyu: ko a wanke duwatsun a jera su a gilashi a sayo kifi, ko a kai su bola.

Da daddare Auta ta ba ni labarin abin da ya sa ta kafe. Shekara biyu da suka wuce ta taɓa yin haka. Ta sayo dutse ana gobe jajiberin Sallah, ta ga ruwan ya yi garau, ta ɗauka shi ke nan, ta zuba kifi shida don 'yan yawon Sallah su gani. Kwana biyu suna ta iyo gwanin sha'awa. A na uku suka taso sama suna haki. A na huɗu ta kwashe su da cokali. Ta ce, "Yaya, kuɗin bai dame ni kamar yadda na tsaya ina kallonsu suna neman numfashi ba, kuma ni na jawo. Ruwa mai guba ma garau yake, ido ba ya gane shi." Maigidanta ya ce ya yarda ta sake gwadawa sau ɗaya, in aka kuma asara gilashin zai bar gidan.

A daren ne kuma aka yi abin dariya. Wajen ƙarfe biyu Gwaggo ta tashe ni tana salati, wai tana jin ana ƙyasta yatsa a baranda, ƙas, ƙas. Na kasa kunne, na ji da gaske ne. Muka taso Auta, ta zo da jar fitila tana murna kamar an yi mata bushara. Ashe wani ɗan jatan lande ne da bai kai ɗan yatsa ba, mai babban hannu guda da yake datsewa da ƙarfi har ya ba da wannan ƙarar. Ya tsira daga tafiyar, yana cikin raminsa. Ta ce sai ta tabbatar da shi ne, domin akwai wani mai irin wannan ƙarar da ke farautar ƙananan halittu, shi fitar da shi ake yi tun a baho. Wannan ma yana cikin amfanin jinyar: a gane wa ke cikin dutsen kafin a kai shi falo. Gwaggo dai ta koma ta kwanta tana cewa ita ba ta ga ta zama da dutse mai tafi ba.

Garin da aka gina da murjani

Ranar Juma'a da la'asar Auta ta ce mu fita shan iska, har da Gwaggo. Ta kai mu Balad, tsohon garin Jidda. In kin taɓa sayen tsaraba a wajen Bab Makka ko Kasuwar Alawi, to kin taka shi. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma ta nan alhazan teku suka riƙa sauka ɗaruruwan shekaru. Garin yana da ganuwa har zuwa 1947 da aka rushe ta. A 2014 hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya, ana kuma ta gyaran gidajensa.

Gidajen dogaye ne, hawa uku, huɗu, har fiye, lungunan kuma matsattsu, don haka inuwa ba ta yankewa. Abin da ke fara ɗaukar ido shi ne tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke turowa waje, iska ta shiga, matan gida su ga titi ba tare da an gan su ba. Muka tsaya a gaban Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya, ina dubawa na ga ashe darbejiya ce, irin ta ƙofar gidanmu.

A wani lungu Auta ta tsaya inda shafen bango ya ɓare, ta haska da wayarta ta ce, "Umma, taɓa nan." Gwaggo ta taɓa. Ni ma na matsa. A jikin dutsen ginin ga 'yan ramuka a jere kamar saƙar zuma, ga zane kamar taurari, ga ɓawon katantanwar teku a maƙale. Dutsen murjani ne. Magina na da suna sassaƙo shi daga gaɓar teku da wajen tafkin Arba'in da ke kusa, su ɗaure shi da laka, su riƙa shimfiɗa katako a tsakanin sahu-sahu don ginin ya riƙu, sannan su shafe da farar ƙasa saboda dutsen yana da taushi, gishiri da raɓa suna cin sa. Rashin nauyinsa ne ya sa aka iya yin hawa da yawa da shi.

Gwaggo ta daɗe hannunta yana jikin bangon. Ta ce, "Shekara arba'in ina wucewa ta nan da kayan cefane, ban taɓa dubawa ba. Ashe irin dutsen bahon nan ne." Auta ta ce, "Shi ne, Umma. Wannan ya mutu ya bushe, nawa ne da sauran numfashi."

Daga nan muka nufi bakin teku, muka shiga gidan kifin Fakieh da aka buɗe a 2013. Akwai wata hanya ta gilashi da kike bi kifaye suna wucewa ta samanki, har da kifin shak. Auta kuwa ba kifin take nuna mana ba, duwatsun da ke bayansu take nunawa. Ta ce Bahar Maliya ya kai tsawon kimanin kilomita 2,250, babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, ga zafin rana, shi ya sa gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita. Duk da haka akwai fiye da nau'in kifi 1,000 a ciki, wasu ba a samun su a ko'ina sai nan. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in halittun teku sun dogara da su. Da muka fito magariba ta yi, ga maɓulɓular Sarki Fahad tana harba ruwan teku sama, tsayin da ya haura mita 250.

Na tambaye ta, tun da ga teku a ƙofar gida, me ya hana ta ɗebo dutsen a nan? Ta ce doka ta hana, kuma ta yi daidai. Ɗibar dutse don masu gilashi ya yi yawan da Amurka ta hana ciro shi daga ruwan Filorida tun a shekarun 1990, ƙasar Fiji ma ta sanar da hani a ƙarshen 2017. Wanda ake fataucinsa tsakanin ƙasashe sai da takardar izini ta yarjejeniyar CITES. Yanzu da yawa sun koma amfani da busasshen dutse na kan tudu ko wanda aka ƙera, a sa masa bakteriyar kwalba ko ɗan guntun mai rai, a jira ya rayu a hankali. Ta ce da ta san haka tun farko, da shi za ta saya, kuma wannan ne na ƙarshe da za ta sayi na teku. Murjanin ma yana fama da nasa ciwon: idan ruwa ya yi zafi fiye da kima yakan yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Watanni uku bayan dawowata, a Afrilun 2024, masana suka tabbatar da cewa wannan farin ya game tekunan duniya a karo na huɗu.

Ranar baƙi

Asabar ta zo, ba a kai dutse bola ba, ba a kuma sayo kifi ba. Da asuba muka canza ruwa, muka wanke kofin kumfa, aka rufe ƙofar baranda, aka yi turare. Baƙi suka cika falo, aka sha shayi da gahawa, aka yi kukan tsohuwar unguwa, aka yi dariya. Da wata ta tambayi abin da ya sa gilashin yake fanko, Gwaggo ce da kanta ta miƙe ta ce su zo su ga dutse mai rai, tana yi musu bayani kamar ita ta sayo shi.

Wata dattijuwa a cikinsu ta juya dutsen ta ce ta san shi. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka taho Hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka tsallako daga Sawakin. Yakan ba su labarin garin, wai gidajensa farare ne na dutsen teku. Gaskiya ne kuwa, Sawakin da murjani aka gina shi kamar Balad. Da aka gina tashar Port Sudan daga 1905 fatauci ya koma can, aka daina shafe gidajen Sawakin, yawancinsu suka zube. Ta ce, "Dutsen nan ba ya son a yi banza da shi, a ruwa ko a tudu."

Ranar da zan taho, kwana 14 da fara jinya, warin ya ragu sosai, ya fara komawa irin ƙamshin bakin teku. Kwalbar amoniya ta kusa zama rawaya, amma ta naitirait ta yi shuni sosai. Na ɗauka abin ya ɓaci ne, Auta ta ce a'a, alama ce rundunar farko ta kama aiki, saura ta biyu. Gwaggo da ke rako ni ta leƙa bahon ta ce, "Duk abin da aka cire daga mazauninsa sai an ba shi lokaci. Ni ma shekarata biyu a benen nan, yanzu na fara sanin inda alƙiblar barcina take."

A kwana na 33 hoto ya shigo mini ta WhatsApp: kwalba ɗaya rawaya, ɗaya shuɗiya. Ta jera duwatsun a gilashi, ta ƙara jiran mako guda tana gwaji, sannan ta sa kifi biyu kacal, irin masu ruwan lemo da fararen zanen nan da yara ke kira Nemo, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo. Suna nan da ransu har yau da nake wannan rubutu. An ce Gwaggo ce ke ba su abinci, kuma ba ta yarda kowa ya ƙara musu ko ƙwaya ɗaya.

Tsarabarki

Ba zan ce ki je ki kafa gilashin kifin teku ba. A garuruwanmu da wuta ba ta tsayawa, awanni kaɗan injin ya tsaya komai zai iya mutuwa, ga tsadar gishirin. Amma ƙa'idar ɗaya ce ga ɗan gilashin kifin ado na ruwan daɗi da ke falonki, da tankin tarwadar da ke bayan gida. Sabon mazubi ba shi da bakteriyar da ke cinye guba, don haka kada ki cika shi da kifi rana ɗaya, fara da kaɗan ki riƙa ƙarawa. Kada ki zuba abincin da ya fi ƙarfinsu, domin ragowar ruɓewa take yi. Soson matatar gilashi kuma a ruwan da kika ɗebo daga gilashin za ki ɗauraye shi, ban da sabulu, ban da ruwan famfo. In kin ga kifi sun taso sama suna haki, canza wani kaso na ruwan nan take, ki dakatar da abinci.

Idan kuma Allah Ya kai ki Jidda, ki ware yamma ɗaya daga cikin na kasuwa, ki shiga lungunan Balad, ki nemi inda shafe ya ɓare ki duba da kyau. In wani ya miƙo miki reshen farin murjani a matsayin tsaraba, ki tuna shekarun da aka yi ana gina shi, ki bar shi.